Ranar da Na Ce wa Baƙuwa Babu Sauƙi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwarta, ina fatan Allah Ya yalwata miki makwanci, Ya sa kina cikin ni'imar da muke roƙa miki bayan kowace salla. Mu nan Kankara muna lafiya. Jikokinki sun girma har ba za ki gane su ba. Malam, surukinki, yana nan yadda kika bar shi, da nomansa da cinikin hatsinsa, sai furfura da ta fara leƙowa a gemu yana cewa wai garin masara ne. Gwaggo Hajara, ƙanwar Baba, ta dawo wurina da zama, kuma bakinta bai rage komai ba.

Na san da kina raye da kin ce me ya kai ni baza maganar cikin gida inda jama'a za su karanta. Ki yi haƙuri, a shafina na intanet zan sa wasiƙar nan, kuma da gangan. Ƙara na kawo, Inna, kuma ƙararki ce na kawo wurinki, domin tarbiyyar da kika yi min saura kaɗan ta fitar da ni daga ɗakina.

Bari in fara daga inda kika sani. Kin tuna ƙafata ta hagu da take yin nauyi, nake cewa kamar tururuwa na yawo a ciki? Kika ce sanyi ne, kika kaɗa man shanu da citta kina murza min kina faɗa wai ba na jin magana, ina wanka da ruwan randa da asuba. To bayan rasuwarki abin bai tsaya a ƙafa ba. Ido ɗaya ya yi hazo na wasu makonni ya washe, hannu ya fara sakin alli ina tsakiyar rubutu a allo gaban ɗalibaina. Gwaggo ta ce iskar rafin garinmu Ketare ce ta biyo ni tun ina yarinya. Wasu suka ce sammu ne, ban san wa zai ɓata kuɗinsa a kan malamar firamare ba. Na sha rubutu, na sha saiwoyi, na yi hayaƙi har kayana duka suka koma warin ƙaro.

A ƙarshe wani babban asibiti a Zariya aka tura mu. Suka zura ni cikin wata na'ura mai ƙara kamar injin niƙa, suka ɗauki hoton kaina da gadon bayana. Likita ya ce sunan ciwon multiple sclerosis, su suna taƙaita shi su ce MS. Ya ce garkuwar jikina ce ta ruɗe take cin rigar da ke lulluɓe da jijiyoyi, yadda ɓera ke ɓare robar wayar lantarki, sai saƙo ya tashi daga kai ya kasa isa ƙafa. Ba ya warkewa, amma ana lallashinsa da magani. Kuma ciwo ne mai ranaku. Wata rana, musamman in gari da sanyi-sanyi, sai in miƙe in dafa bango in yi 'yan taku. Wata rana kuwa, in zafi ya buɗe, ƙafafun nan sai ka ce aro na yi.

Na ajiye koyarwa. Wannan ya yi min ciwo, amma ba shi ne ya fi ba. Abin da ya fi shi ne gidanmu. Kin san yadda mahaifin Malam ya ɗaga ɗakin nan saboda ruwan damina, matakala uku kafin ka hau, ga dokin ƙofa mai tsayi. Makewayi kuma can ƙuryar gida, ƙofarsa ƙarama, masai na tsuguno. Shekara goma sha wani abu ina shiga ina fita ban taɓa lura ba. Da ƙafa ta ƙi, sai gidan ya zama kamar don a hana ni fita aka gina shi.

Malam shi ke ɗaukata da safe ya fito da ni tabarma a inuwa, bai taɓa ɓata fuska ba, Allah Ya saka masa. Amma mutum ba zai zauna gadin mata a bar gona da kasuwa ba. Ranar da ya tafi Yankara sayen hatsi, daga ni sai Gwaggo, ita kuwa bayanta ya daɗe da gajiya. Sai na samo dabara. Na ninke wani tsohon buhu, in zauna a kai in riƙa jan jiki, in sauka matakala ɗaya bayan ɗaya, in ratsa tsakar gida har makewayi. Damina biyu na yi a haka, Inna. Na rubuta miki ne don ban taɓa iya faɗa wa kowa da baki ba a lokacin.

Sai Yaya Sale, babban ɗanki, ya zo daga Sabuwa ya ishe ni a kan buhun nan. Ya ja Malam zaure suka daɗe, da suka fito aka gaya min shawarar da aka yanke. In an gama yankan dawa zai zo da mota ya tafi da ni Sabuwa, inda akwai mata da yawa a gida masu ƙarfin ɗagawa da kwantarwa. Yara za su zauna wurin ubansu saboda makaranta. Ban yi musu ba, don gaskiya ya faɗa, kuma ƙauna ce ta sa shi. Amma tun da aka gaya min sunan ciwon nan ban taɓa jin tsoronsa kamar yadda na ji tsoron motar Yaya Sale ba. Ina so in tashi da safe in ji hayaniyar 'ya'yana suna neman takalmin makaranta, ba na son a riƙa ba ni labarinsu a waya.

Ana cikin haka likitar da ke yi min gashi da motsa jiki ta gaya min akwai wata ƙungiyar agaji da ke taimaka wa irinmu. Suna ba da keken marasa lafiya, su gyara ƙofofi, su yi gangare a inda matakala take, su sa ƙarfen dafawa a makewayi. Ba sa miƙa wa mutum kuɗi a hannu, su ke sayen kaya su sallami magini da kansu. Malam ya ce wannan tsari ya yi, aƙalla dangi ba za su yi layi suna taya mu murna ba. Muka cika fom, likita ya rubuta takarda, muka aika. Abin da ya rage shi ne su turo mutum ya ga gida ya ga mai jinya da idonsa.

Ranar da aka bugo waya aka ce wata Malama Bilkisu za ta zo daga Katsina, Gwaggo ta miƙe tsaye ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Baƙi daga Katsina, su ishe gidanga haka? Ba da ni ba!"

Inna, da kin ga aikin da aka yi da kin ce aure za a ɗaura. Aka share gida har bayan rumbu. Aka aro kujerun kushin da kafet daga gidan maƙwabciyarmu. Buhuna Gwaggo ta cusa shi ƙarƙashin itacen girki. Fo ɗin fitsari da nake amfani da shi in ƙafa ta ƙi gaba ɗaya, ta kai shi inda ni kaina ban sani ba. Bangon da nake dafawa, inda hannuna ya yi masa shaida baƙi ƙirin, aka shafe shi da farar ƙasa. Malam ya yanka zakara. Kuma kada in ɗora wa Gwaggo laifi ita kaɗai. Ni da bakina na ce a miƙo min atamfar Sallah, ni na nemi kwalli, ni na ce a ƙulla min lalle.

Muryarki ce a kunnena duk tsawon lokacin. "Rabi, baƙo ba ya ganin kwanciyarki. Ko mutuwa kike ki tashi ki ba shi ruwa." Da ɗayar, wadda kika fi maimaitawa: "In an tambaye ki jiki ki ce da sauƙi. Mai cewa babu sauƙi ƙarar Allah yake kaiwa."

Abin haushi, ranar an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi, jikina ya tashi da daɗi. Malama Bilkisu tana yin sallama na dafa hannun kujera na miƙe tsaye ƙiƙam, na gaishe ta da fara'a. Mace ce mai natsuwa, ta manyanta kaɗan, da tabarau da takardu a hannu. Ta ce yaya jiki, na ce da sauƙi sosai. Ta ce ina iya zuwa makewayi da kaina? Ga Malam zaune, ga Gwaggo, ga baƙuwar da ban taɓa gani ba tana min maganar makewayi. Na sunkuyar da kai na ce ina lallaɓawa. Wanka fa? Na ce alhamdulillah. Girki fa? Kafin in buɗe baki Gwaggo ta cafe: "Wanga zakaran da kike ci ita ta dahwa shi da hannunta." Inna, tun da kike kin taɓa jin Gwaggo ta bar wa wani yabon girkinta? To ranar ta bari.

Malama ta ce in ɗan taka ta gani. Na cije haƙora na tafi daga kujera zuwa ƙofa na dawo, ina murmushi, gumi na bin bayana. Ta rubuta abin da za ta rubuta, ta yi godiya, ta tafi da sauran naman da Gwaggo ta ƙunsa mata dole. Motarta na barin layi na zube, kwana uku ban ɗaga ba. Gwaggo tana min fifita tana cewa, "Ai dai mun hita kunya."

Bayan mako biyu aka bugo. Malama Bilkisu ce da kanta. Ta ce kwamiti ya zauna, kekunan ba su da yawa, masu buƙata kuma da yawa, dole a fara da waɗanda abin ya fi tsananta gare su. Tunda ni ina tafiya, ina wanka, har ina girki, an amince a ba ni sanda mai ƙafa huɗu. Na ce na gode, Allah Ya saka da alheri. Na kashe waya. Gwaggo ta tambayi me aka ce, na gaya mata. Ta zaro ido ta ce, "Sanda? Bayan zakaranmu?"

Na yi dariya har cikina ya ƙulle, ban san lokacin da dariyar ta koma kuka ba. A lokacin dawa ta riga ta fitar da kai a gonaki.

Da Malam ya dawo na gaya masa. Kin san shi, ba ya gaggawar magana. Ya wanke hannu, ya zauna, ya ce, "Rabi, in mutum ya kai buhu kasuwa, ya zuba mai kyau bisa ya ɓoye mai ƙwari ƙasa, mi ake ce ma wannan?" Na ce algus. Ya ce, "To algus munka yi, sai dai mu kanmu munka cuta. Matar nan ba biki ta zo ba, aiki ta zo. Kuma gaya ma mai taimako inda ke maki ciwo ba kai ƙarar Allah ba ne. Shi Ya turo ta."

Na yini ina juya maganar, sai tunanina ya kai ni Ketare, ɗakinki, makon ƙarshe. Na zo jinyarki na yi kwana huɗu. Ran na biyar na tambaye ki jiki, kika tashi zaune, kika gyara ɗankwali, kika ce da sauƙi ƙwarai, in koma wurin yara. Har kika sa aka ɗebo min daddawa da kuka. Na yarda, Inna, na kama hanya da farin cikina. Bayan kwana biyu aka aiko min da rasuwarki. Daga baya matar Kawu ta gaya min ina fita kika koma kika kwanta, ba ki sake tashi zaune ba. Da kin ce min babu sauƙi, sau ɗaya tak, da hannuna na cikin naki. Ba na riƙe ki da wannan, wallahi ba na riƙe ki, na san don ki hutar da ni kika yi. Amma ya daɗe yana ci min rai, kuma ranar na gane ni ma hanyar da na kama ke nan, ina murmushi ina korar mai son taimakona.

Washegari na ɗauki waya. Sau biyu ina kira ina kashewa kafin ta shiga. A na uku na rufe ido na ce, "Malama, Rabi ce ta Kankara. Ƙarya muka yi miki." Sai na ji tana dariya a hankali. Ta ce, "Na so in gane, Rabi. Ban taɓa ganin gidan da aka shafa ma bango ɗaya farar ƙasa iya ƙugu ba. Amma abin da na gani da abin da kika ce shi zan rubuta, ba ni da ikon rubuta zato. Ni ma ɗiyar Hausawa ce, haka aka koya mani." Na roƙe ta ta sake zuwa, kuma don Allah kada ta gaya mana rana. Ta ce tana da wasu gidaje a Faskari, in ta biyo za ta tsaya.

Ta tsaya kuwa, ranar kasuwar Yankara, Malam ba ya nan, bayan azahar, rana ta buɗe kamar ta dafa mutum. Ina tsakiyar gida a kan buhuna, na yi rabin hanyar makewayi na tsaya hutawa, kai ba ɗankwali, zani duk ƙasa. Sai sallama. Gwaggo ta leƙa ta ga ko wace ce, ta yi salati, ta nufi ƙofa da sauri za ta aro kujeru. Na ce, "Gwaggo, dawo." Ban taɓa yi mata magana da irin wannan murya ba, ita ma ta yi mamaki, ta tsaya.

Malama Bilkisu ta ƙaraso ta tsuguna a gabana da kayanta masu kyau, a kan ƙasa. Ta ce, "Rabi, yaya jiki?"

Inna, "da sauƙi" ya riga ya zo bakina, har na ji shi a kan harshe. Kunya ta rufe ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Na haɗiye, na ce, "Alhamdulillah. Amma babu sauƙi."

Sama ba ta faɗo ba. Kaji suka ci gaba da kiwonsu. Ni kuwa da na fara sai na kasa tsayawa. Na gaya mata buhun, da matakalar, da ranakun da ba na kaiwa makewayi a kan lokaci, da yadda nake ƙin shan ruwa ranar kasuwa don kada in buƙaci tashi, da maganar Sabuwa. Abin da ban zata ba shi ne Gwaggo. Ta shige bayan ɗaki ta fito da fo ɗin nan a hannu, ta ajiye gaban baƙuwa, hawaye na zuba, ta ce, "Hajiya, rubuta. Ɗiyar nan wahala take sha, ni ko ba ni iya ɗaukarta. Zakaran ma ni na dahwa shi." Ranar ruwan randa kawai muka ba baƙuwa. Ta sha, ta fito da tef ɗin awo, ta auna kowace ƙofa ta gidan.

Kwamiti ya sake zama, aka amince da komai. Aka ce mu kawo magini na kusa, muka kawo Malam Iro, wanda rabin gidajen unguwarmu shi ya ɗora. Aka ce masa gangare ake so don keke. Ya ce, "Keke dai ko? Ai na saba, duk masu babur na layin nan ni na yi masu." Kafin maigidana ya dawo daga gona Malam Iro ya zuba wani siririn harshe na siminti a tsakiyar matakala, faɗinsa tafin hannu biyu, a tsaye kamar hawan dutse, irin wanda ake tura babur a kai. Aka ɗauki hoto aka tura wa Malama Bilkisu. Ta bugo ta ce a tambaye shi, tayar dama za ta hau ko ta hagu? Dole ya fasa ya sake, mai faɗi, mai tsawo, mai gangarowa a hankali. Yana yi yana mita wai wannan ba gangare ba ne, titin Funtuwa aka sa shi ginawa a tsakar gida. Amma da ya gama, shi ya riƙa kawo mutane kallo yana cewa aikinsa ne.

Aka cire dokin ƙofa, aka faɗaɗa ƙofar ɗaki da ta makewayi, aka daidaita hanya har zaure. Aka sa masai na zama da ƙarafan dafawa a bango, da kujerar wanka. A madafa aka gina min dakali daidai tsayin zama, aka ɗora murhun gawayi a kai. Sannan keke ya iso. Mutane suna ce masa keken guragu. Da farko sunan ya tsaya min a wuya, daga baya na ce su kira shi duk abin da suka ga dama, ni dai kekena ne.

Hawan farko ban san yadda ake riƙe birki ba. Na gangaro daga ɗaki da gudu, kaji suka watse, na je na yi karo da turmi. Malam ya taho a firgice ya ishe ni ina ƙyaƙyata dariya. Kuma bari in ba ki gulma. Wata rana ina kwance na leƙa ta taga, sai ga Gwaggo a kan kekena tana zagaya tsakar gida, ta ɗage haɓa kamar matar gwamna. Da na yi gyaran murya ta ce wai dubawa take ko tayar na da iska.

Ba zan yi miki irin ƙaryar da na yi wa baƙuwa ba. Ciwo yana nan, ba inda ya je. Akwai ranakun da ko keken ba na iya turawa, hannu ya mutu, ido ya yi hazo, in kwanta in jira ya wuce. Amma yanzu ina shan ruwa yadda nake so. Ina wanka ba tare da na jira kowa ya dawo daga kasuwa ba. In kuma akwai mai leƙen wasiƙar nan da ke jiran irin baƙuwata, ki bar ni in ce mata, don Allah kada ta aro kujera.

Na roƙi kowa kada a gaya wa Yaya Sale komai. Aka yanke dawa, aka ɗaure, aka kai rumbu. Shekaranjiya da hantsi na ji tsayuwar mota a ƙofar gida, na ji sallamarsa. Na ce kada wanda ya motsa. Na juya kekena, na fito daga ɗaki, na gangaro, na ratsa tsakar gida, na shiga zaure, na amsa masa daga bakin ƙofa. Na ce, "Wa alaikumus salam, Yaya. Sannu da hanya, shigo mana."

Ya tsaya da makulli a hannu. Ta bayansa ina hango motar, an kwantar da kujerun baya an shimfiɗa katifa, har da matasan kai biyu da matarsa ta sa masu sabuwar riga. Ya dube ni, ya dubi keken, ya leƙa bayana yana neman wanda ya turo ni. Ya ce, "Rabi, wa ya kawo ki nan?" Na ce, "Ni na kawo kaina." Sai ya juya ya koma wurin mota ya duƙa, wai yana duba taya. Ya daɗe a duƙe, kafaɗunsa na motsi. Gwaggo ce ta leƙo ta ce, "Sale, tayar nan lahiyarta lau. Share idonka ka shigo ka ci tuwo."

Ni na tuƙa tuwon, na sabuwar dawa, da miyar busasshiyar kuɓewa. Hannuna ba ƙarfi, ya yi gudaji, kin san da kina nan da sai kin yi magana. Yaya ya cinye tas. Ya tashi ya zagaya gidan, ya shiga makewayi ya jijjiga ƙarafan nan kamar mai tayin bijimi a kasuwar dabbobi, ya taka gangaren sama da ƙasa. Ya dawo ya zauna ya ce, "To ni mi zan ce ma matan gida? Sun share maki ɗaki." Na ce ya gaishe su, ya ce na gode ƙwarai, in an yi hutu zan zo da yara in kwana biyu in dawo gidana.

Ya tashi kafin la'asar, don kin san hanyarmu ba ta yamma ba ce yanzu. Na raka shi har ƙofar gida da kaina. Na zauna ina kallon motar har ta sha kwana, katifa a baya babu kowa a kanta. Sannan na juya na koma ciki, don yara sun kusa tasowa daga Islamiyya kuma ban ɗora sanwar yamma ba.

Ya Allah Ka jiƙan Innata. Ka gafarta mata, Ka haskaka kabarinta, Ka saka mata da Aljanna Firdausi a kan duk ciwon da ta haɗiye don mu yi barci da kwanciyar hankali. Ka saka wa waɗanda suka ba da dukiyarsu ba su san ni ba, da wadda ta tsuguna a ƙasa ta saurare ni. Ka ba Malam da Gwaggo da Yaya ladan ɗawainiya. Ka ba duk mai jinya sauƙi na gaske. Ka haɗa ni da Innata a inda babu ciwo, in taho wurinta da ƙafafuna. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki kullum,
Rabi,
daga ɗakina, cikin 'ya'yana, a Kankara.